Daga Sanam zuwa Agiye: inda ake horon shugabannin ikilisiya

Ɗan kasuwar da ya taso daga Sanam ta ƙasar Kurfai, ya bi hanyar Tawa da Maraɗi ya nufi Tasawa, yana ratsa wurare uku masu tarihi, sau da yawa ba tare da ya waiwaya ba. Na farko Galmi, garin albasa, inda mishan ta SIM ta buɗe asibiti a 1950. Na biyu Tsibirin Gobir, dab da shiga Maraɗi. Na uku Agiye, can gaba bisa hanyar Tasawa. Wannan hanya ita ce ƙashin bayan ƙaramar ikilisiyar Hausawan Nijar.

Turawan SIM sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa zango a Tsibiri, gefen fadar Sarkin Gobir. Da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, sai horon masu bishara ya samu tushe. Lakwal ta gwamnatin Faransa tana koyar da faransanci don samun malaman ofis, ita kuwa mishan tana karantar da manoma da harshen da suka sha a nono. A farkon mulkin kai aka kafa ikilisiyar EERN, ragama ta soma komawa hannun ƴan ƙasa.

Makarantar Littafi ta Agiye ta gaji wannan tafarki. Ɗalibin irin wannan makaranta sau da yawa magidanci ne, mai mata da ƴaƴa. Ana koya masa karatu da wa'azi da addu'a, amma kuma dole ya riƙe hauya, domin jama'ar ƙauye mai gidaje ƙalilan ba ta iya ciyar da fasto. Wanda bai iya noma ba, damina guda ta ishe shi komawa birni. Shi ya sa aikin gona ya shiga jinin mishan ɗin: a wannan yanki na Maraɗi ne Tony Rinaudo na SIM ya soma, a 1983, nuna wa manoma yadda ake renon tohon kututtukan itatuwa cikin gonaki, dabarar da musulmi da kirista suka ci moriyarta tare.

Darasi mafi nauyi shi ne zama da maƙwabci. Kiristocin Nijar tsiraru ne ƙwarai. Fasto yana tashi ne cikin dangi musulmi, yana zuwa sunansu da jana'izarsu, rijiyarsu ɗaya. A watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen jaridar Charlie Hebdo, shugabannin ikilisiya sun kira mabiyansu ga yafewa, wasu musulmi kuma sun ɓoye maƙwabtansu kiristoci. Irin wannan haƙuri, reno yake so tun daga aji.

Yau akwai karatun tauhidi mai zurfi da faransanci a Yamai, kuma ɗan ƙasa, Laurent Lompo, ya zama babban bishop na katolika na birnin tun 2014. Sai dai matsalar tana nan: mai digiri ba ya son ƙauye, na ƙauye kuma ba shi da albashi. Matuƙar ba a haɗa biyun ba, garken karkara zai ci gaba da neman makiyayi.