Fatauci Da Kyamara: Daga Bankok Zuwa Agbogbloshie

Duk wanda ya san 'yan kasuwar Nima da Mamobi ya san ba Makka da Dubai kaɗai ƙafarmu take zuwa ba. Akwai masu zuwa saro kaya a biranen kudu maso gabashin Asiya, ni ma ina cikinsu, sai dai ni ban da kuɗin sari nakan rataya kyamara, domin ɗaukar hoto abin sha'awata ne tun ina yaro. A wannan karo na tashi daga Ankara ta Addis Ababa, na zaga Bankok da Kuala Lumfur da Singafo.

A Bankok, babban birnin Tailan, kasuwar Pratunam ce matattarar masu sarin tufafi. Lunguna ne matsattsu, ga masu tura kaya suna neman hanya, ciniki kuwa da kalkuleta ake yi tunda ba mai jin yaren wani. Da dare 'yan Afirka da Larabawa sukan haɗu a Nana, layi na 3 na titin Sukhumvit, inda ake samun abincin halal. Amma inda na fi daɗewa da kyamara shi ne Ban Khrua, tsohuwar unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Cham, waɗanda aka sani da saƙar siliki. Gidajen katako ne manne da juna a bakin magudanar Saen Saep, ga masallatai, ga tsofaffi zaune a ƙofar gida. Zango ne sak. Ruwan magudanar ba tsabta gare shi ba, hancina ma ya tuna mini da Odaw, amma jiragen ruwa suna bin sa ɗauke da fasinja kamar trotro. A can ban ɗaga kyamara ba sai bayan na yi sallama an amsa, kuma wanda ya girgiza kai na ƙyale shi.

Kwana biyu kawai na yi a Kuala Lumfur, na sayi kayan waya a Low Yat. Kowane baƙo tagwayen benayen Petronas masu tsawon mita 452 yake ɗauka. Ni kuwa na koma Kampung Baru, ƙauyen Malayu da ya rage a tsakiyar birnin, na sa gidan katako a gaba, benayen a baya.

Singafo ce ta tsaya mini a rai. A Sim Lim Square, bene hawa-hawa cike da kwamfuta da kyamara da waya, ina duba kaya ina tunanin cewa irinsu, idan sun tsufa, a kwantena suke sauka Tema a sayar mana na hannu, in sun mutu su ƙare wurin 'yan gwangwan. Da yamma na sauka bakin Kogin Singafo. Wanda ya ga tsabtarsa yau ba zai yarda da kwata ba ce. A 1977 Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ba da umarnin a share shi, aikin kuma ya ci shekara goma, har 1987. An tashi masu sayar da abinci a bakin hanya, aka mayar da su rumfunan da aka gina musu da ruwa da wuta, aka kawar da kwale-kwalen dako. Abin da ya fi burge ni shi ne hotunan tsohon kogin, da 'yan dakonsa da ƙazantarsa, suna nan ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasar, jika yana iya ganin inda kakansa ya nemi abinci.

To, mu dawo gida. A watan Yuli na 2021, ƙarƙashin Ministan Yankin Ankara na lokacin, Henry Quartey, aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, aka kuma rushe filin 'yan gwangwan. Wane hoto duniya ta riƙe na wurin? Hayaƙi. Masu ɗaukar hoto na waje, irin su Pieter Hugo na Afirka ta Kudu da ya zo a 2009 da 2010, sun nuna samari suna ƙona wayar lantarki don cire jan ƙarfe, shanu suna yawo a kan toka. Ba ƙarya suka yi ba. Hayaƙin nan ya cuci ƙirjin yara da yawa, kuma a 2013 an lissafa wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya.

Amma Agbogbloshie da muka sani ba hayaƙi kaɗai ba ce. Ina hoton manyan motocin da suke kwanaki a hanya daga Nijar ɗauke da albasar Galmi? Ina na dillalai Hausawa da Zabarmawa zaune a kan buhuna suna lissafi, da mata kayayo da tasa a ka, da masu gyara da suke haɗa kwamfuta ɗaya mai aiki daga matattu uku, da sahun sallar azahar a tsakanin rumfuna? Da wannan kasuwa aka biya kuɗin makarantar yara, aka aurar da 'ya'ya, aka sauke farali. Baƙon da ya zo na mako guda bai nemi wannan ba, mu kuma da muke wurin kullum mun ɗauka kasuwar ba inda za ta.

Saboda haka ina roƙon dattawanmu da iyayenmu mata, duk mai tsohon hoton kasuwar albasa, ko na hawan sallah a Zango, ko na rakiyar alhazai, ya fito da shi daga ƙasan akwati kafin damshin Ankara ya cinye shi. A rubuta sunayen mutanen da shekarar a bayansa da fensir, domin biro yana huda takarda, sannan a sa yaro ya ɗauke shi da waya a wurin da ke da haske. Ni dai ranar Asabar Adjen Kotoku na nufa da kyamarata, tun da asuba, lokacin da ake sauke buhuna.