Kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki

 

Ga hunturu ya kama. Hatsi ya shiga rumbu, harawa ta hau bisa. Da rana ta faɗi kowa sai neman wuta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba ku labarin abin da ya same ni da kaskon wuta. Labarin ba shi da daɗin faɗi, don laifin nawa ne. Amma gara ku ji shi daga bakina da ku gan shi a gidajenku.

A watan Janairu na 2019 an yi sanyi ƙwarai a garinmu. Inna, mahaifiyata, ta tsufa. In sanyi ya zo ƙafafunta ba su barinta barci. Tana kwana da ɗiyata, mai shekara 6 a lokacin. Wani dare bayan lisha mun gama jin ɗumi a tsakar gida. Garwashi ya yi jawur, babu hayaƙi ko kaɗan. Na ce a raina, asara ce a bar wannan wuta a waje. Da hannuna na ɗauki kaskon na kai ɗakin Inna. Na ƙara gawayi tafi biyu. Na ja ƙyaure na rufe. Tagar ɗakin kuwa tun farkon sanyi muka toshe ta da tsumma. Na je na kwanta, ina ganin na yi aikin lada.

Akuya ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarsu. Wajen tsakar dare ta tsinke igiya. Uwargidana ta fito ta ɗaure ta, sai ta ji kakarin amai a ɗakin Inna. Ta buɗe. Yarinya ta yi amai, ta kasa tsayuwa. Inna kuma ana kiranta, ba ta amsawa sai nishi. Muka fito da su waje. Maƙwabta suka taru. Wannan ya ce iskoki ne, wancan ya ce a kawo turare. Ƙanena ne ya ce a ɗaura wa jaki amalanke. Muka kai su likita.

Lokotoro bai daɗe yana dubawa ba, ya juyo ya ce: "Malam, da wuta suka kwana?" Na ce i, amma ai babu hayaƙi. Ya ce: "To, ita ce."

Ɗan'uwa, ka saurara da kyau, nan ne gindin maganar. Gawayi ko itace in yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, yakan fid da wata muguwar iska. Masu ilimi suna ce mata karbon monoksid. Ba ta da launi. Ba ta da wari. Ba ta yajin ido. Hayaƙi shi ai mai gaskiya ne, yana sa ka tari ka tashi ka fita. Ita wannan ba ta sallama. Jinin mutum aikinsa ne ya ɗauki iska mai kyau daga huhu ya kai wa jiki duka. To, jini yana kama muguwar nan fiye da yadda yake kama mai kyau, sau 200 har da ɗoriya. In ta shiga sai ta tare wuri. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana shaƙewa.

Da fari sai ciwon kai. Sai jiri, sai tashin zuciya, sai kasala. Wanda ke farke zai iya ganewa ya fita. Mai barci fa? Barcinsa ƙara nauyi yake yi. Ga wata alama: in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, kuma suka ji sauƙi da fitowa waje, kada a nemi maye. A dubi kasko. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ta fi yi wa illa.

In haka ta faru, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje maza-maza. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa ruwa ko nono ko jiƙo a baki. A kai shi likita ko da ya farfaɗo. Yarinyata ta warke kwana biyu. Inna ta fi mako tana fama da ciwon kai.

Bayan wannan na yi fushi da kasko, na ce ba za a ƙara hura shi a gidana ba. Fushin bai kai sati ba. Sanyi ya fi ni taurin kai. Sai na ce to, bari in koyi zama da shi.

Babban ɗana ne ya nuna mini hoton wani murhu a wayarsa. Na mutanen Meksiko ne, wata ƙasa can kudu da Amurka. Suna ce masa cimeneya, wato bututun hayaƙi da harshen Sifaniyanci. Da yumɓu ake gina shi. Cikinsa kamar na tulu, yana da baki ɗaya a gefe inda ake sa itace, sannan ga dogon wuya a tsaye. Tun da daɗewa suke jin ɗumi da shi, suna kuma gashi a ciki. Dabarar tana da kyau. Cikin yana kare wuta daga iska, itace kaɗan ya isa. Wuyan kuma yana jan hayaƙi sama, ya wuce kan mutane. Yanzu ana sayar da shi a Amurka da Turai, har akwai na ƙarfe. Yaron ya karanta mini ka'idojin da masu sayar da shi suke bayarwa. Kada a shiga da shi ɗaki. A zuba rairayi a ciki. A fara da ƙaramar wuta. A nisanta shi da gini kamar metir 3. A kare shi daga ruwan sama. Na ce ashe yumɓu ko'ina halinsa ɗaya ne. Duk abin da suka faɗa ya hau kan kaskonmu daidai.

Na tafi Mirya, kusa da Damagaram, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane. Na sami wata tsohuwa maginiya, na nuna mata hoton. Ta yi dariya ta ce: "Ɗana, ai wannan tulu ne aka huda wa ciki." Ita ce ta koya mini zaɓen kasko, kuma ga shi na ba ka kyauta.

Ka ɗaga shi, ka ƙwanƙwasa da yatsa. In ya yi ƙara garau kamar ƙarfe, ya gasu. In ya yi sauti a dushe, ko bai gasu ba ko yana da tsaga a ɓoye. Ajiye shi. Ka juya shi a hasken rana ka dubi gindi da baki, don wata tsagar kamar silin gashi take. Ka zaɓi mai kauri, mai faɗin gindi, wanda in ka aje shi a ƙasa ka taɓa ba ya rawa. Kasko mai tsukakken gindi yaro ko ɗan akuya na iya kifar da shi. Kada ado ya ruɗe ka. Kuma kada ka tsaya cinikin dala biyar a kan abin da zai riƙe wuta a tsakiyar iyalinka.

Sabon kasko ba a yi masa gaggawa. Na taɓa fasa wani daren da na saye shi. Na cika shi da kara, wuta ta tashi sama, sai na ji ƙas! Ya rabe biyu, garwashi ya watsu har kan tabarma. Dalili shi ne, ciki ya yi zafi nan take, baya kuwa da sauran sanyi. Ciki yana buɗewa, baya bai bi shi ba, sai ya tsage. Don haka ka zuba rairayi a gindinsa, kaurin yatsa huɗu, kada garwashi ya zauna kan yumɓu kai tsaye. Daren farko ƴan ƙirare kawai. Ka bari ya huce da kansa. Dare na biyu ka ɗan ƙara. Sai bayan dare uku ko huɗu za ka hura wuta sosai. Wannan dalilin ne kuma ya hana a kashe wutar kasko da ruwa. Yumɓu mai zafi in ya ji ruwan sanyi fashewa yake yi. Da rairayi ake kashe ta.

Sai wurin ajiyewa. Ka share fili, ƙasa tsura, babu ciyawa babu kara. Ka auna taki huɗu manya daga zana, daga rumbu, daga harawa, daga ɗakin ciyawa. Kada ka hura ƙarƙashin rumfa ko ƙarƙashin itace. Ka dubi inda iska ta nufa: in tartsatsi ya tashi, ina za shi? A hunturu kome ya bushe, tartsatsi ɗaya ya ishi rumbu, kuma wutar rumbunka ba ta tambayar ina iyakar gidanka. Daren da iska ke kaɗawa da ƙarfi, a haƙura da wuta, a shiga bargo. Ni kullum akwai bokitin rairayi da tulun ruwa kusa. Rairayi na kasko ne. Ruwa na zana ne da na ƙuna.

Itace kuwa ya zama busasshe. Ɗanye hayaƙi ne kawai da hawaye. Sabara da geza suna ci da kyau, marke yana daɗewa, gawayin ƙirya kuwa maƙera sun san shi. Ba na ce ka je ka sare daji ba. Sassaben zamani, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1983, ya nuna mana hanya: ka bar tohon kututture a gonarka, ka zaɓi rassa masu ƙarfi ka raine su, ka rage sauran. Abin da ka rage shi ne itacen wutarka. Amma leda, da roba, da tsohuwar taya, da batir, da katako mai fenti, da buhun maganin ƙwari, kada ɗaya ya shiga kasko. Hayaƙinsu guba ne. Isanshi kuwa ko kusa. Na san da yawa muna ajiye shi a kwalba don babur. Tururinsa ma kaɗai yana kama wuta, tun kwalbar tana hannunka. Alimeti da ɗan kara sun isa.

Yanzu maganar yara. Kasko yana riƙe zafi bayan wuta ta mutu. Yaro ya ga babu harshen wuta, sai ya dafa. Mai rarrafe a goya shi, ko a riƙe shi a cinya. Kada a bar yara su kaɗai da wuta ko na zuwa bayan gida. Mata, ku kula da bakin zane da dogon hijabi, musamman na nailan, don in ya kama narkewa yake yi ya manne a fata. Mai farfaɗiya kuma kada ya zauna gab da wuta, kada a bar shi shi kaɗai a wurin.

In tufa ta kama wuta, kada a gudu. Gudu hura ta yake yi. A faɗi ƙasa a yi birgima, wani ya rufa masa bargo. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Na san abin da muka saba shafawa: mai, ƙwai, tawada, man goge haƙora, har kashin shanu. Ni ma an shafa mini ina yaro, ga tabon nan a ƙafata. Duk ba su da amfani, ƙazanta suke kai wa ciwo. Kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta taɓa fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko kuwa ƙaramin yaro ne, sai likita. Mutanen birni kuma, lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Toka ma ba abin yarda ba ce. Garwashi yakan kwana a cikinta da ransa. Kada a kwashe da dare a zuba kan juji kusa da zana. Da safe ka tona da tsinke, in ta huce sarai ka kwashe, ka yayyafa mata ruwa, ka kai gona. In damina ta zo ka share kaskon, ka kife shi inda ruwa ba ya zuba. Yumɓu yana shan ruwa, kuma jiƙaƙƙen kasko in ya ji wuta ruwan cikinsa ya zama tururi, sai ya fasa shi. Kafin hunturu mai zuwa ka shanya shi a rana, ka sake ƙwanƙwasawa. In muryarsa ta dushe, aikinsa da wuta ya ƙare. Nawa tsohon yanzu kaji ke cin dusa a ciki.

Inna tana nan da ranta, alhamdu lillahi. Na cire tsumman tagarta. Na sayar da bunsuru na saya mata bargo mai kauri. Kowane dare muna aza dutse a gefen kasko ya yi ɗumi, a naɗe shi da tsumma, a sa mata wajen ƙafa. Ba ta gamsu ba. Har yau in na ɗebi rairayi zan rufe garwashi sai ta ce: "Kai yaro, wannan wuta mai kyau za ka binne?" Sai in ce: "I, Inna." In zuba, in tsaya har jan ya ɓace, sannan in riƙe hannunta in raka ta ɗaki.