Ranar Da Na Rufe Shago Na Tafi Farauta Da GPS

Yau labari na zo maka da shi, amma ka daure ka bi ni har ƙarshe, akwai abin da za ka ƙaru da shi a wayar da ke hannunka.

Shekarata shida ina gyaran waya a Kano. In mutum ya kawo waya ya ce lokeshan ɗinsa ba ya yi, na san abin da zan duba. Zan buɗe bayan, in nemi 'yan ƙarafan nan da ke taɓa eriya, in goge su, in ɗaga su kaɗan, in mayar. Da ɗigon shuɗi ya fito a Google Maps shi ke nan, a biya ni. Ban taɓa tambayar kaina ko ɗigon nan gaskiya yake faɗa ba, sai da wani ɗalibi da ya yi karatu a waje ya kawo tasa. Na gama gyara na miƙa masa, ya fita waje ya tsaya a rana ya dawo ya ce har yanzu tana kuskure da mita 40. Na ce Malam mita 40 a garin Kano ai ba ɓata ba ne. Ya yi dariya ya ce a wasan da yake yi ɓata ne babba.

Wasan sunansa jiyokashin. Wani zai ɗauki 'yar roba mai murfi, ya sa takarda a ciki da 'yan tarkace marasa tsada, ya ɓoye ta a wani wuri a fili, ya ɗauki lambobin wurin da GPS ya ba mutane. Kai kuma ka bi lambobin har ka gano ta. In ka samu ka rubuta sunanka da kwanan wata a takardar. In ka ɗauki wani abu a ciki ka ajiye wani da ya kai shi daraja ko ya fi, ka mayar da robar daidai inda ka same ta. Babu kuɗin da ake ci, babu kofi.

Asalinsa daga Amurka ne. GPS na sojojin Amurka ne, kuma a da da gangan suke gurɓata siginar da farar hula ke samu, har kuskure yana iya kaiwa mita 100. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta cire wannan gurɓatawar. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sa lambobin wurin a intanet don a gwada ko sabuwar siginar ta isa a gano shi. Cikin 'yan kwanaki aka gano. Yanzu akwai irin waɗannan ɓoyayyun robobi sama da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190.

Da daddare na sauke manhajar Geocaching. Ka duba taswirar Turai, ɗigo ne birjik kamar an watsa gero. Na dawo wajenmu, babu abin a zo a gani. Sai na ce to mu yi namu mana.

Ina da aboki da muke layi ɗaya a kasuwa, kakarsa tana wani ƙauye ta wajen Rano, inda duwatsu suke. Muka shirya zai tafi ranar Asabar ya ɓoye robobi uku, ya turo min lambobin, mu kuma mu zo ranar Lahadi. Shi zai zauna gidan kakarsa ya jira mu, don kar fuskarsa ta tona asiri. Na ɗauki yaron shagona, na kuma ɗauki autanmu.

Bari in gaya maka dalilin ɗaukar Auta. Shekararsa 15. In an tashi makaranta shagona yake zuwa, ya sami kusurwa ya zauna da gem har magariba. A gida ma haka. Mun kai wata da watanni maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce "miƙo min bulo" da "ajiye wayar nan" ba. Ni ma ba zan zarge shi ba, awa goma nake yi kaina a sunkuye kan fitila da gubar lika. Da na gaya wa Umma zan tafi da shi ta daɗe tana kallona, ta ce, "Amana ce na ba ka." Na ce ai yawon shan iska ne kawai.

Mun sauka wajen ƙarfe 9 na safe. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuya, ana cirar gyaɗa. Netwok a wurin sanda ɗaya ce, tana zuwa tana ɗaukewa. Auta ya ce, "Yaya, ai ba data, ta ina za ta yi?" A nan ne mutane da yawa ke kuskure. GPS ba ya cin data. Taurarin ɗan adam ne kusan 30 suke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200, kowanne yana ta aiko da lokaci da inda yake. Wayarka sauraro kawai take yi. In ta ji aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda take. Wayoyin yanzu da yawa suna haɗawa da na Rasha, GLONASS, da na Turai, Galileo, da na Sin, BeiDou. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar, kuma shi tun a gida na sauke yankin gaba ɗaya a Google Maps. Ka taɓa hotonka a sama, ka shiga wajen taswirar da ake amfani da ita ba intanet, ka zaɓi yanki ka sauke.

Roba ta farko ta ba mu wuya. Waya ta kai mu tsakiyar wani fili, babu dutse babu bishiya, sai ƙaiƙayi da rana. Mun fi minti 40 muna zagaye. Auta ne ke riƙe da wayar, sai na hau shi da faɗa, na ce ya taɓa wani abu, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Bai ce komai ba. Can ya ce in ba shi ƙaramar wayata, don a ita abokina ya turo lambobin ta tes, ni kuma na kwafa da hannu. Ya jera su biyu, ya nuna min. Inda aka rubuta 7 na sa 4, a lamba ta uku bayan ɗigo.

Ka riƙe wannan lissafin. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne. Ke nan lamba ta uku bayan ɗigo, duk ɗaya mita 111 ce. Ta huɗu mita 11, ta biyar kusan mita ɗaya. Kuskurena na lamba ɗaya ya jefa mu mita 330 daga inda ya kamata. Ka kuma lura da salon rubutun. Google Maps ya fi nuna digiri da ɗigo, masu jiyokashin kuma digiri da minti suke rubutawa. In ka kwafi wannan ka zuba a gurbin wancan, wani gari za ka nufa.

Ban iya ba shi haƙuri a gaban yarona ba. Abin da na iya cewa shi ne, "To riƙe, kai ne jagora."

Da muka gyara, waya ta kai mu gindin wani dutse ta ce saura mita 3. Muka matsa, ta ce saura mita 6. Muka koma, ta ce 4. A fili tsaf, wayar kirki kuskurenta kusan mita 5 ne, kusa da dutse ko ƙarƙashin bishiya kuma ya fi haka, don siginar tana bugun dutsen kafin ta iso. Shi ma wanda ya ɓoye, tasa wayar da nata kuskuren. Don haka in ka zo kusa, sa wayar a aljihu ka buɗe ido. Auta ne ya lura da wasu duwatsu uku da aka jera a bakin wani rami, ya ce Allah bai jera su haka ba. Zai zura hannu na riƙe shi, muka sa sanda tukuna. Kunama da maciji ba su san wasa ba. Robar man shafawa ce, a ciki takarda da biro da maƙalin makulli. Yadda yaron nan ya yi ihu, wallahi rabon da in ji muryarsa haka na manta.

Ta biyu ba ta ɗauke mu minti 15 ba. Kibiya ce ta so ta ruɗa mu, tana nuna gabas muna kallon yamma. Rigar wayar mai maganaɗisu ce a murfi, na cire ta, na juya wayar a iska kamar ina zana 8, ta dawo daidai.

Ta uku ce ta kusa zama abin da ba a so. Lambobin suka kai mu wata tsamiya a bakin gona, can gaba da ƙauyen kakar abokina. Mu uku, baƙi, muna zagaya bishiya da waya a hannu, muna leƙa kogo. Ban ankara ba sai ga wani dattijo da lauje, bayansa samari sun kai shida, wasu da sanduna. Ko sallamata bai amsa ba. Ya ce jiya da yamma yara sun ga wani ya sa abu a kogon nan ya hau babur ya tafi, tun jiya ba wanda ya kusanci wurin, yau kuma ga mu. "Me kuka binne min a gona?"

Ka sa kanka a matsayinsa. A zamanin nan da muke ciki, baƙo ya ajiye abu a gonarka ya tafi. Ko asiri ne, ko alama ce ake yi wa wasu, ko abin da ya fi haka muni. Na kira abokina, ba netwok. Na juya na ga Auta ya ƙanƙame wayar, leɓensa yana rawa, sai maganar Umma ta faɗo min. Na durƙusa na ce, "Baba, laifinmu ne, mun shigo ba mu nemi izini ba. A kai mu wajen mai unguwa, a buɗe abin a gaban kowa, ni zan buɗe da hannuna."

Haka aka yi. Na ɗauko robar, muka tafi a tsakiyarsu kamar an kamo ɓarayin akuya. A ƙofar gidan mai unguwa kowa ya ja baya, na buɗe na zazzage a tabarma. Takarda, biro, wayar caji, alawa biyu. Aka yi tsit. Mai unguwa ya ɗaga wayar cajin ya juya ta, ya ce, "Yanzu saboda wannan kuka biya kuɗin mota daga Kano?" Sai dariya ta ɓarke. Dattijon dai bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, wayarka ta san inda tsamiyar take. Ba ta gaya maka tana da mai ita ba?"

Ba ni da amsa. Abin haushin ma, dokokin wasan sun faɗi haka, ni ne ban karanta da kyau ba. Ba a ɓoyewa a filin wani sai da izininsa. Ba a haƙa rami a binne. Ba a sa abinci, don dabbobi. Ana rubuta a jikin robar ko mece ce. A Amurka ma an sha kiran 'yan sandan kwance bam saboda irin waɗannan robobin, balle a nan.

Bayan mun yi azahar aka kawo fura. Dattijon ya matso ya tambayi Auta ko abin nan zai iya riƙe iyakar gona. Muka koma tare. A kowace kusurwa Auta ya tsaya minti ɗaya sai lambobin sun natsu, ya danna ɗigon ya riƙe, ya karanto, ni ina rubutawa a takarda. Na gaya masa gaskiya, wannan ba takardar safiyo ba ce, tana iya kuskuren taku biyar ko shida, ba za ta raba gardama a kotu ba. Ya ce ya ji, ya ninke ta ya sa a hula. Kafin mu tafi sai da aka tara min wayoyi huɗu marasa caji. Uku ƙura ce kawai ta toshe su, da tsinken sakace na gyara.

In za ka gwada, ga abin da zan ce maka. Ka fara da wurin da aka san ka. Ka je wajen mai unguwa da mai gona kafin ka ajiye komai, ka buɗe robar su gani. Ka yi amfani da roba mai nuna ciki, ka rubuta bayani da Hausa a jiki. Kar ka kusanci barikin soja, ofishin 'yan sanda, makaranta, gada ko turken sadarwa. Kar ka je yankin da ake fama da rashin tsaro ko da wa ya gayyace ka. Ka gaya wa na gida inda za ka da lokacin dawowa. Ka tafi da ruwa, sanda, takalmi rufaffe da fawa bank, don GPS da hasken sikirin a rana suna shan batir, kuma in wayar ta yi zafi ka sa ta a inuwa ta huce. Lambobi kuwa, ka kwafa ka liƙa, kar ka rubuta da hannu irina.

A mota muna dawowa Auta ya yi ta lissafin inda zai ɓoye tasa. Da muka wuce Kwanar Dawaki na ce masa, "Ɗazu ni ne na yi kuskure, ba kai ba." Ya ce, "Na sani, Yaya." Umma kuwa sai bayan kwana biyu muka ba ta labarin tsamiya, shi ma rabi.

Robar tana nan a kogon har yanzu, da izinin mai ita. Suna na huɗu a takardar nasa ne, jikansa ya rubuta masa.