Ka Buɗe Baki Gaban Likita

Mu mutanen ƙauye muna da wata al'ada. In mun shiga ɗakin likita sai mu sunkuyar da kai, kome ya ce mu amsa, "To, likita." Ladabi abu ne mai kyau, amma wannan shirun yana cutar 'ya'yanmu.

Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu masu rai, waɗanda ido ba ya gani. Masana sun ce yawansu ya kai yawan ƙwayoyin da aka gina jikin da su. Yawancinsu abokanmu ne. Suna taimakon narkar da abinci kamar wake da gero, suna yin wasu bitamin, suna kuma tsare wuri kada miyagun ƙwayoyi su sami wurin zama.

A 1928 wani likita a Landan, Alexander Fleming, ya gano penisilin. Daga nan aka sami magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su ampisilin da tetarasaikilin da Flagyl, waɗanda muke haɗa su duka mu ce kafso. Sun ceci rayuka masu yawa. Amma aikinsu kamar na wutar daji ne, ba ta bambanta ciyawa da shuka. Suna kashe mugu, suna kashe na kirki. Shi ya sa wani yakan sha kafso sai gudawa ta biyo, ko bakin yaro ya yi fari, ko mace ta sami ƙaiƙayi.

Na ga wannan ga wani ɗan ajina a nan Ruwan Bago. Mura ce ta kama shi, aka saya masa kafso wurin mai talla a kasuwa. Gudawa ta zo, aka ƙara masa wani. Ya yi mako biyu bai zo makaranta ba. Na raka ubansa asibiti. Da likita ya tambayi abin da aka ba yaron, uban ya ce ba a ba shi kome ba, don kunya. Na ce, "Baba, nuna masa takardun." Ya fito da su daga aljihu. Likita ya duba, ya ce a daina duka, a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink. Da uban ya ɓoye, wataƙila da an rubuta masa kafso na uku. Yaron ya koma aji.

Kafso ba ya maganin mura, ba ya kuma maganin yawancin gudawar yara, gama wani irin ƙwayar cuta ne ke kawo su. Ɗaya daga cikinsu, rota, an sa rigakafinta cikin na jarirai a Nijeriya a 2022. Shan kafso barkatai kuwa yana koya wa miyagun ƙwayoyi taurin kai. An lissafta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 sun mutu a duniya don magani ya daina cin ƙwayoyin, abin kuma ya fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku asibitin Karaye ko na Rogo, ku tafi da kwalin kowane magani da aka sha, har na gargajiya ku faɗa. Ku tambaya: Wannan ciwo yana bukatar kafso kuwa? Kwana nawa za a sha? In ciki ya ɓaci, me zan yi? Wane abinci zan ci da shi? Kada ku rena ta ƙarshen. Kindirmo yana da ƙwayoyi masu amfani, amma tetarasaikilin ba ya shiri da nono, sai a bar sa'o'i tsakani. Ba a ba da shi ga mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba.

In likita ya rubuta, ku sha yadda ya faɗa, kada ku raba da maƙwabci. In gudawa ta yi tsanani ko ta zo da jini, ku koma nan da nan. Likitan kirki ba ya fushi da tambaya, matambayi kuwa ba ya ɓata.