Ƙuduji Ya San Wakensa

Mu da muka tashi a gidajen manoma mun san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, tun kafin mu san biro. Abin da aka saba faɗa mana shi ne ciyawa ce mai cin gona. Amma ƙudujin da ke cin dawa da gero daban yake da wanda ke cin wake, kuma ko na waken ma ba kowane wake yake iya ci ba.

Irinsa ƙanana ne kamar ƙura. Yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 bai tsiro ba, sai ya ji wani sinadari da saiwar shukar da yake so ke fitarwa. Daga nan ya tsiro, ya manne da saiwar, ya riƙa zuƙar ruwa da abincinta. Kafin manomi ya ga furensa, ɓarna ta yi nisa.

Masana sun gano cewa ƙudujin wake a Afirka ta Yamma jinsi-jinsi ne. Na Mali daban, na Burkina Faso daban, na Kamaru daban, wanda ke Najeriya da Nijar kuma suka sa masa suna SG3. Akwai wani wake da aka samo daga Botswana, B301, da ya gagari yawancinsu. In ƙuduji ya taɓa saiwarsa, sai waken ya kashe naman jikinsa na daidai wurin, ƙudujin ya mutu da yunwa. A 2009 Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya a Amurka suka ware ƙwayar gadon da ke sa B301 gane SG3. Kamar maigadi ne da ya san fuskar ɓarawo ɗaya.

To amma a Zakpota da ke Jamhuriyar Benin akwai ƙudujin da ke cin B301 hankali kwance. Daga baya aka gano yana zuba wa saiwar wani sinadari da ke hana waken kare kansa. Wake ya sake dabara, ƙuduji ma ya sake tasa, haka suke ta yi tun ba mu zo duniya ba.

Wannan ne ya sa muke ɗan jin nauyin rubuta “iri mai jure ƙuduji” kawai mu wuce, kamar yadda ake yi a tallar iri. Wane ƙuduji? Na wace ƙasa? Manomin da ya sayar da akuyarsa ya sayi iri saboda abin da muka rubuta, shi zai kwana da yunwa in irin bai dace da ƙudujin gonarsa ba. Kuma irin ƙuduji na bin iska, da kofaton shanu, da buhun waken da aka tsallako da shi iyaka.