Daga Gadarif Zuwa Ƙala'un Nahal: Abin Da Duwatsu Ke Faɗa

Duk wanda ya bar Gadarif ya nufi kudu maso yamma, wajen Hawata, ba abin da zai gani sai fili shimfiɗe, baƙar laka da gonakin dawa da riɗi iyakar ganin ido. Da rani ƙasar ta tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina kuwa ta kama tayar mota kamar danƙo. Can sai ga duwatsun Ƙala'un Nahal sun taso tsakiyar fili, kusa da tsohon layin dogon da ya haɗa Gadarif da Sinnar a 1929.

Jama'armu da yawa sun san waɗannan wurare, sun yi noma a gindinsu, amma ba kowa ya san asalinsu ba. In mai karatu ya ɗauki tsakuwa a nan, zai ga wata kore-kore ce, mai santsi kamar sabulu. Masana ilmin ƙasa sun ce wannan guntun gindin teku ne. A da can, tsakanin shekara miliyan 870 zuwa 550 da suka wuce, akwai teku a wannan sashe. Shi kuwa ɓawon duniya faifai-faifai ne, suna tafiya sannu a hankali. Inda biyu suka haɗu, ɗaya yakan nitse ƙarƙashin ɗaya, ya narkar da dutse, tsibirai masu aman wuta su fito. Da tekun ya rufe, tsibiran suka manne da juna, aka turo ɓaraguzan gindinsa sama. Haka aka sami tsoffin duwatsun gabashin Sudan har zuwa Hijaz.

To, yaya aka san lokacin? Cikin ƙasa zafi gare shi: duk zurfin kilomita 1, zafin yakan ƙaru da kamar digiri 25 zuwa 30. A cikin dutse akwai ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyam ko fotasiyam, waɗanda ke rikiɗa suna sakin wata iska. Muddin dutsen na da zafi, iskar tserewa take yi. Da ya huce, sai ta fara taruwa. Wata ƙwayar takan riƙe ta daga wajen digiri 500, wata 300, wata kuma sai 70. In aka auna abin da ya taru, sai a san lokacin da dutsen ya huce, wato lokacin da ya matso sama saboda tudu ya tashi, ruwa ya zaizaye abin da ke kansa. Da wannan dabara ake gane sa'ad da faifan da ke nitsewa ya sauya kwanciya, kamar yadda aka bincika a tsaunukan Andis na Amurka ta Kudu.

Shi garin Gadarif kansa bisa wani dutse dabam yake zaune, baƙi, na aman wuta, dangin na Habasha. Wajen shekara miliyan 30 da suka wuce, narkakken dutse ya malale ƙasar Habasha. Wannan ba nitsewar faifai ya kawo shi ba, zafi ne ya taso daga ƙasa, daga baya Bahar Maliya ta buɗe. Wani binciken masanan Faransa na 2003 ya nuna Shuɗin Nilu ya fara haƙa kwazazzabonsa shekara miliyan 25 zuwa 29 da suka shige. Rugurguzar irin wannan baƙin dutse na cikin abin da ya ba mu lakar da aka fara noman injin a kanta a Gadambaliya wajen 1945.

Jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Zinariyar da samarinmu ke bi a Butana tana cikin tsoffin duwatsun nan ne. Ruwan rijiya kuma ya fi zama cikin dutsen yashi da ke ƙarƙashin baƙin dutsen, ga shi garin ya daɗe yana fama da ƙishi, ya dogara ga ruwan Shuwak da hafirai, balle da yaƙin 2023 ya koro mana baƙi masu yawa. Wanda ya san dutse, ya san inda zai haƙa, bai zubar da kuɗinsa banza ba. Saboda haka muna kira ga iyaye, cikin yaran da ake turawa jami'a, a sami masu karanta ilmin ƙasa. Allah ya sa mu dace, amin.