Kaugama: Arha Ba Ta Ado

Daga Malam Madori na nufi Kaugama, gero da riɗi shar dama da hagu. Sai na tarar da Gwaggo ta yi tagumi. Shanunta biyu ta sayar aka sayo mata motar gwanjo a Kano don haya, ashe ambaliyar 2022 ta taɓa shanye motar. Dillali ya ce wai ciniki ya faɗa.

Ina! A shari'a, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar mayar da kaya, hukumar FCCPC ma tana karɓar ƙorafi.

'Yar uwa, kafin ki biya, tura makaniki ya ɗaga kafet ya shinshina, a duba takardun kwastan, a karɓo rasit. Ba a cinikin biri a sama.